Faifai Ɗaya, Suna Ɗaya: Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Masu Fassara Takardun Babbar Manhaja da Hausa

Zuwa ga malamaina da 'yan'uwana masu sadaukar da lokacinsu wajen rubutawa da fassara takardun bayanin babbar manhajar kwamfuta, irin su Linux da Windows, zuwa harshen Hausa.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya tare da iyalanku, ina rubuto muku daga Garwa, a arewacin Kamaru, inda nake da shagon gyaran kwamfuta da yara uku masu koyon sana'a a hannuna. Na buɗe wasiƙar domin kowa ya karanta, saboda ba a gari ɗaya kuke zaune ba, kuma maganar da ke tafe da ni ta shafi duk wanda ya taɓa zama ya mayar da ko da shafi ɗaya zuwa Hausa.

Zan fara da godiya, domin yaba kyauta tukwici. A nan wajenmu yawancin kwamfutocin da ake kawowa gyara da Faransanci suke magana, waɗanda suka tsallako daga Yola ko Mubi kuma da Ingilishi, alhali yaran da ke zaune a kan bencina Hausa da Fillanci suka tashi da su a gida, Faransancin makaranta kuwa bai kai su ga karanta dogon bayanin fasaha ba. Ranar da suka fara samun bayanin girka manhaja da Hausa, na ga yadda abin da na yi wata biyu ina maimaitawa ya shiga kansu a zama ɗaya. Wannan aikinku ne, kuma Allah ya saka muku da alheri. Amma saboda sun yarda da rubutunku fiye da yadda suka yarda da harsunan da ba su ƙware a kansu ba, kuskuren kalma ɗaya a cikinsa ya fi yi musu illa, kuma babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar babin da ya shafi faifai, wato na'urar ajiye bayanai, da tsarin fayil.

Cikin watannin zafi na bana, wani Alhaji mai fataucin albasa daga Marwa zuwa Duwala ya kawo mini faifansa na waje, wanda aka raba gida biyu tun da daɗewa. A rabin farko akwai finafinai da karatuttukan da ya riga ya kwafe wani wuri, a rabi na biyu kuma akwai lissafin kasuwancinsa na shekaru, da hotunan rasitai, da hotunan mahaifiyarsa da ta rasu. Ya ce mini, "Malam, na gaban nan a share shi, na bayan kuwa amana ce." Na bar wa babban yarona aikin na fita sayo wani kaya, kuma yaro ne mai natsuwa wanda ba ya danna abu sai ya karanta. Ya buɗe wata takardar bayani ta Hausa a wayarsa ya bi ta layi bayan layi. A sakin layi na farko takardar ta kira na'urar gaba ɗayanta faifai. A na biyu ta ce ana iya raba ta ta zama faifai biyu. A na uku ta koma tana kiran waɗannan biyun sassa, sannan a na huɗu ta ce wanda yake son faifai ya koma sabo ya ƙirƙira masa sabon tebur. Yaron ya fahimci cewa rabin farko shi ne faifan farko, ya danna ƙirƙirar sabon jadawalin yankuna, wato teburin da ke riƙe da iyakokin rabe-raben faifan, wanda kuwa umarni ne da ke hawa kan na'urar duka. Gargaɗi ya fito da Faransanci cewa za a shafe abin da ke kan faifan, shi kuma ya amince, domin takardar ta riga ta koya masa cewa rabin da yake nufi sunansa faifai.

Da na dawo na tarar da shi tsaye, hannunsa na rawa, ya ce, "Maigida, duka biyun sun ɓace." Abin da ya cece mu shi ne bai rubuta komai a kai ba bayan haka. Sabon jadawali ba ya taɓa abin da ke cikin fayiloli, bayanin iyakoki kawai yake sharewa, don haka muka sa manhajar TestDisk, wadda Bafaranshe Christophe Grenier ya rubuta, ta bi faifan tana neman alamar inda yanki na biyu ya fara. An ɗauke wuta sau biyu a daren, muka sake farawa. Alhaji ya zauna a bencin ƙofar shago har bayan sallar isha'i, bai faɗi magana mai zafi ko ɗaya ba, abin da kawai ya maimaita shi ne, "Malam, ni dai hoton Hajiya." Sai da gari ya waye yankin ya bayyana da fayilolinsa. Ban yi wa yaron faɗa ba, domin abin da aka rubuta masa ya bi.

Tun daga ranar nake karanta irin waɗannan takardu da alƙalami a hannu, kuma abin da na gano shi ne akwai abubuwa huɗu mabambanta, ɗaya a kan ɗaya, da ake yawan kira da sunan juna. Na farko shi ne na'urar kanta, wadda ake iya ɗauka a hannu, ko mai juyawa ce, ko SSD da ba ta da abin juyawa a ciki, ko filashin da mu a nan muke ce wa kile, ko katin waya. Na biyu shi ne yanki, wato kason da aka yanka daga na'urar, tare da jadawalin da ke riƙe da bayanin inda kowane yanki ya fara da inda ya ƙare. Na uku shi ne tsarin fayil da aka shimfiɗa a cikin yankin, wanda ke sanin sunan kowane fayil da wurin da yake kwance. Na huɗu shi ne sunan da babbar manhaja take nuna wa mai amfani, ko harafi kamar C da D a Windows, ko babban fayil, wato folda, da aka ɗaura tsarin a kansa a Linux. Idan ina koya wa yara nakan ce musu na'urar fili ce, jadawalin shi ne takardar iyakokin da ke hannun jauro, wato mai unguwa, yanki fuloti ne, tsarin fayil kuma gidan da aka gina a kai da littafin da ke nuna me ke cikin kowane ɗaki. Wanda ya yaga takardar jauro bai rushe gida ba, amma ya ɓatar da hanyar zuwa gidajen unguwar duka, kuma wannan shi ne abin da ya faru a shagona.

Bambancin yana da tushe a yadda aka gina abubuwan. Tsohon jadawalin da ake kira MBR, wanda ya fito a 1983, yana zaune ne a cikin bayit 512 na farkon faifai, bayit kuwa shi ne ƙaramin mudun auna bayanai, kuma wurin da aka ware wa yankuna bayit 64 ne kacal, wato gurabe huɗu masu bayit 16 kowanne. Dalili ke nan da ya sa aka ƙirƙiro yanki mai faɗaɗawa domin a cusa wasu yankuna a cikinsa, kuma shi ya sa a Linux lambar waɗannan na ciki take farawa daga 5 ko da babu na 3 da na 4. Sabon jadawalin GPT, wanda ya zo tare da UEFI, manhajar da ke fara tashi idan an kunna sababbin kwamfutoci, bisa al'ada yana da gurabe 128 kuma yana ajiye kwafinsa a ƙarshen faifai. Duk wannan magana ce ta jadawali, ba ta taɓa tsarin fayil ba. Shi tsarin fayil yana da nasa dangin: NTFS da ya fito a 1993, FAT32 a 1996, exFAT a 2006, ext4 a 2008. Takardar da ta kira MBR da FAT32 da suna ɗaya, ta ce duka biyun tsarin faifai ne, ta rufe wa mai karatu ƙofar fahimtar dalilin da ya sa za a iya canza ɗaya a bar ɗaya.

Ga misalin da nake gani kusan kowane mako. Mai ɗaukar hoton biki zai zo da kile mai sauran wurin giga 20, ya ce ta ƙi karɓar bidiyon giga 5, kuma wani ya gaya masa ta lalace ko ta jabu ce. Lafiyarta ƙalau. FAT32 ne a kanta, shi kuwa ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce bayit 4,294,967,295 komai yawan wurin da ya rage. Idan takardar Hausa ta ce faifan ba zai iya ɗauka ba, mutumin zai je kasuwa ya sayi wata kile, ya dawo da matsalarsa. Idan ta ce tsarin fayil ɗin ne ba ya ɗauka, kuma tun farkon takardar ta riƙe wannan suna ba ta sake shi ba, zai gane cewa maganin shi ne ya kwashe kayansa ya mayar da kilen exFAT, irin tsarin da manyan katunan da suka wuce giga 32 suke zuwa da shi daga masana'anta.

Na san ba daga gare ku ruɗanin ya fara ba, kuma adalci ne in faɗi haka. A cikin Windows, yankin da aka girka manhaja a kansa ana nuna shi da sunan "Local Disk" a Ingilishi da "Disque local" a Faransanci, wato an kira yanki faifai a wurin da kowa ke kallo kullum, alhali a shafin sarrafa faya-fayai na manhajar kalmar faifai tana nufin na'urar duka, ana kuma ƙirga ta daga 0. Linux tana ba na'urori haruffa, sda da sdb, ta ba yankuna lambobi daga 1, ta yadda sdb na'ura ce, sdb1 kuma yanki ne, kuma lamba ɗayan nan ita ce tsakanin share fuloti da share unguwa. A sababbin na'urori sunan yakan zama nvme0n1 ga na'urar, nvme0n1p1 ga yankin farko. Manhajar tayar da kwamfuta ta GRUB a tsohon zubinta tana ƙirga faifai da yanki duka daga 0, a sabon zubin kuma faifai daga 0, yanki daga 1. Ita kuwa kalmar "volume", wadda Faransanci da Ingilishi suka yi tarayya a kanta, ma'anarta a Windows daban, a LVM, hanyar Linux ta haɗa faya-fayai da raba su, iri biyu ce, ta zahiri da ta lissafi, a APFS, tsarin fayil na Apple, kuma abu ne da ke zaune cikin wani mazubi yana raba wuri da 'yan'uwansa. Na taɓa ganin an fassara ta da ƙarar sauti a tsakiyar bayanin faifai, na kuma ga an fassara ta da juzu'i kamar ana maganar littafi.

Amma kasancewar asalin yana da gargada bai zama dalilin kwaso gargadar a ƙara mata tamu ba. Mai fassara da ya ga marubucin asali ya ce faifai alhali yanki yake nufi, yana da ikon rubuta yanki, ya kuma sanar da masu kula da takardar ta asali domin su gyara. Abin da ke faruwa yanzu akasin haka ne: kalma ɗaya ta asali takan fito a Hausa da sunaye huɗu, yanki da sashe da ɓangare da kashi, wani lokaci a shafi ɗaya. Kalmar sashe ita ce ta fi damuna, domin ana kiran yanki da ita, ana kiran ƙaramin gurbin da ake rubuta bayanai a kan faifai, mai bayit 512 ko 4096, da ita, sannan ana kiran babin takardar da ita. Mai karatu da aka ce masa ya duba sashe na biyu kafin ya ci gaba, ina zai duba, a takarda ko a faifai?

Sunaye ke nan. Kalmomin aiki sun fi su haɗari, domin su ne ke kan maɓallin da ake dannawa. Babbar damuwata ita ce fassara fomat da kalmar tsara. Bahaushe idan ya ji an ce tsara faifai, abin da ke zuwa ransa shi ne gyara da kintsawa, kamar mace ta tsara kwanukanta ko ɗan kasuwa ya tsara kayansa a kan tebur, kowane abu a mazauninsa, babu abin da ya salwanta. Aikin kuwa shimfiɗa sabon tsarin fayil ne a kan tsohon, wanda ke raba mutum da duk abin da ke cikin yankin. Ga shi kuma kalmar tsari ta riga ta yi nauyi, domin da ita ake kiran tsarin fayil, wasu da ita suke kiran babbar manhajar kanta, wasu har saituna. A kasuwa da shago kowa fomat yake cewa, mu nan da bakin Faransanci mukan ce a fomate, kuma kalmar tana ɗauke da tsoron da ya dace da ita. Ko tsohuwar da ba ta taɓa riƙe kwamfuta ba, idan aka ce za a yi wa katin wayarta fomat, za ta ce a dakata a kwashe mata hotunan jikokinta. Kalmar da ta riga ta koya wa jama'a taka-tsantsan bai kamata a musanya ta da mai laushi ba domin kawai ta fi kama da Hausar asali.

Haka kalmar cire. Na ga an yi amfani da ita wajen raba tsarin fayil da babban fayil ɗin da aka ɗaura shi, da wajen sallamar kile kafin a zare ta, da wajen zare ta da hannu, da wajen share yanki daga jadawali. Biyun farko kariya ce ga bayanai, na ƙarshe kuwa hallaka su ne. Dalilin da ya sa ake sallamar kile shi ne babbar manhaja takan riƙe wani abu na rubutun a ƙwaƙwalwarta kafin ta sauke shi a kan na'urar, ta yadda allo zai iya nuna an gama kwafi alhali saura, kuma wanda ya zare a wannan lokaci zai tafi da rabin fayil. A garin da wuta ke ɗaukewa ba sallama, wannan darasi ne da yaro ya kamata ya sha tun ranar farko, kuma ba zai sha shi ba idan kalma ɗaya ce take nufin ka tsare kayanka, take kuma nufin ka zubar da su. A shagona muna cewa ɗaura da kwance, wurin da ake ɗaurawa kuma muna ce masa turke, domin duk yaron da ya tashi a gidan da ake kiwo ya san akuyar da aka kwance daga turke tana nan da ranta, an dai sake ta ne.

Goge ma tana bukatar a raba ta gida biyu. Goge fayil na yau da kullum, da fomat na gaggawa, kamar soke suna ne daga littafi alhali kayan suna nan a ɗaki har sai an zuba wasu a kansu, shi ya sa ake iya dawo da su a faifai mai juyawa, ko da yake a SSD umarnin TRIM, mai sanar da na'urar wuraren da aka daina amfani da su, yakan sa su tafi da wuri. Bin faifai duka ana rubuta sifili a kai kuwa, wanda cikakken fomat na Windows yake yi tun daga Vista, wanke allo ne, babu abin da ke dawowa. Wanda zai sayar da kwamfutarsa a kasuwa yana bukatar na biyun, wanda ya yi kuskure yana fatan na farko ne ya same shi, kuma dukansu biyu suna da hakkin takarda ta gaya musu wanne ne a gabansu. Mu muna ce wa na biyun kankarewa.

Sai maganar awo, wadda ta sha jawo mini zargi daga mutanen kirki. Mutum zai sayi faifan da aka rubuta giga 500 a kwalinsa, ya sa a Windows ya ga 465, ya dawo yana ganin an ci masa hakki. Mai tera 1 kuma ya ga 931. Babu abin da aka rage. Masu ƙera faifai suna lissafin giga a matsayin bayit 1,000,000,000, ita kuwa manhajar tana lissafa shi a matsayin 1,073,741,824, sai mudu ya zama biyu, suna ɗaya. Tun 1998 hukumar IEC, mai daidaita ma'aunan lantarki a duniya, ta fitar da sunaye na daban ga mudu na biyu, su kibi da mebi da gibi, masu alamar KiB da MiB da GiB, kuma kwamfutocin Apple sun koma lissafin goma-goma tun 2009. Roƙona shi ne takardar Hausa ta kwafi alamar da ke cikin asali daidai, kada ta ga GiB ta rubuta GB domin sauƙi. Ku kuma tuna da mu da 'yan'uwanmu na Chadi da Nijar, waɗanda allonsu ke nuna Mo da Go da Gio, domin Faransanci bayit octet yake ce masa. Layi ɗaya da zai ce Go da GB abu ɗaya ne ya ishe mu.

Na san abin da wasunku za su ce, domin ni ma haka aka koya mini a darasin insha'i: maimaita kalma ɗaya sau goma a shafi rauni ne, kuma mai gwanintar harshe shi ne mai sauya lafazi. Wannan gaskiya ne a labari da waƙa da huɗuba. Amma takardar cinikin gona ba a yi mata ado da sauya sunan maƙwabcin gabas a kowane layi, kuma mai ba da magani ba ya kiran ƙwaya ɗaya da suna uku domin daɗin karatu. Mai karanta bayanin fasaha yana ɗaukar kowace sabuwar kalma a matsayin sabon abu, kuma yana da gaskiya da ya yi haka. Idan yanki ya zama sashe a layi na gaba, zai tsaya yana neman abu na biyu da babu shi, ko kuma, wanda ya fi muni, ya saba da cewa sunaye ba su da muhimmanci, har ranar da za su yi muhimmanci.

Wasu kuma za su ce Hausar ba ɗaya ba ce, abin da Bakano zai ce daban da na mutumin Damagaram, daban da namu na Garwa da Marwa da Njamena, to kalmar wa za a ɗauka? Ba na neman a ɗauki tawa. Idan kuka zauna kuka ga ɓangare ya fi yanki, gobe zan goge yanki daga bangon shagona in rubuta ɓangare, in dai za ku tsaya a kansa a kowace takarda. Magabatanmu sun yi abin da ya fi wannan wuya. A taron Bamako na 1966, wanda UNESCO ta kira, masana sun zauna domin daidaita haruffan rubuta harsunan Afirka ta Yamma, ciki har da Hausa da Fillanci, kuma yau yaron Garwa yana ganin ɓ da ɗ iri ɗaya a littafin Hausa da na Fillanci. Daidaita kalmomi 'yan kaɗan na babin faifai bai kai wannan nauyi ba.

Abin da nake roƙo shi ne ku fitar da ƙaramin ƙamus guda ɗaya na wannan babi, wanda kowane mai fassara zai buɗe kafin ya fara aiki, kowace kalmar Hausa da ma'anarta a jimla ɗaya, a gefenta kuma takwararta ta Ingilishi da ta Faransanci, domin mai karatu ya iya haɗa abin da ke takarda da abin da ke kan allonsa ko daga wace iyaka kwamfutarsa ta shigo. A sa wannan ƙamus, ko gajeren zubinsa, a farkon duk takardar da za ta sa mutum ya taɓa jadawali ko ya yi fomat. Sunayen umarni irin su fdisk da mkfs da mount a bar su yadda suke, domin da su kwamfuta take ji, haka sunayen na'urori, harafi da lamba, ba ragi ba ƙari. A kuma riƙa tunatar da mai karatu cewa harafin na'ura a Linux yana iya canzawa, wadda take sdb yau ta zama sdc gobe idan aka jona wata kafin ta, don haka ya duba girma da suna kafin ya danna. Duk jimlar da ke gaban umarni mai shafe bayanai ta faɗa ƙarara ko na'urar duka za ta shafa ko yanki ɗaya. Idan kuma wata rana kuka ga dalilin canza wata kalma, a bi tsofaffin takardu duka a canza ta lokaci ɗaya, a bar tsohuwar a ƙamus da alamar cewa an daina amfani da ita, domin yaran da suka koya da ita kada su ɓata. Kafin a saki takarda kuma, a ba wani da bai san Ingilishi ba ya bi ta a kan faifan da babu komai a cikinsa, mai fassarar yana zaune a gefe bai ce uffan ba, ya ga inda hannun mai karatun zai je.

Tun bayan abin da ya sami faifan Alhaji, ni da yarana muka sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, muka ja layi uku a kowane shafi, Hausa da Faransanci da Ingilishi, kuma yanzu kalmomin da ke ciki sun kusa 30. Babban yaron nan shi ke riƙe da littafin, shi ne kuma yake hana ƙannensa cewa faifai idan yanki suke nufi. A shirye muke mu miƙa muku shi ku gyara, ku rage, ku ƙara. Gurbin Hausa na kalmar "volume" har yau fari ne, domin mun gwada kalmomi uku babu wadda ta ɗauki ma'anarta a Windows da LVM da APFS gaba ɗaya, kuma ina ganin wataƙila sai an ba kowace ma'ana sunanta. A kan wannan muke jiran shawararku.

Allah ya ƙara muku basira, ya sa albarka a aikinku. Wassalamu alaikum.

Naku,
Mai gyaran kwamfuta a Garwa, Jihar Arewa, Kamaru.